Yadda Ake Bambance Kwale-kwale Biyu Masu Ƙira Ɗaya Kafin a Biya Kuɗi

Cinikin kwale-kwale a wajenmu bai cika wuce tambaya biyu ba: ƙirar wa ce, kuma ƙafa nawa ne? Da an ce ƙirar kafinta wane ce, ƙafa 23, sai mai saye ya ɗauka ya riga ya san abin da zai kai gida, tunda maƙwabcinsa yana da irinsa kuma yana jin daɗinsa. A nan ake tafka asara, wani lokaci ma asarar da ta fi ta kuɗi. Kafinta ɗaya yana iya buga jirage biyar cikin shekara biyar, tsawo ɗaya, fenti ɗaya, amma ba za ka samu biyu da za su ɗauki kaya daidai da juna ba. Bana katako ya yi tsada ya rage kauri, baɗi wani mai saye ya ce a ƙara masa bango, wata shekarar kuma injin ya shigo gari aka yanke bayan jirgin don a ɗaura shi. Kama da wane ba ta wane.

Ko jiragen da ake zubawa a masana'anta haka suke. A Amurka akwai wani jirgin shaƙatawa mai tafiya da iska da ake kira Catalina 30, an ƙera fiye da 6,000, duk da suna ɗaya. Amma masu sayensa sun san akwai zubin farko da na biyu da na uku. A ƙarƙashin cikinsa akwai wani nauyin dalma da ke hana shi kifewa: mai dogon nauyin yana shiga ruwa ƙafa 5 da inci 3, mai gajeren kuma ƙafa 3 da inci 10. Wani sandar ƙyallen iskarsa ta fi tsawo, na farko-farko da yawa injin fetur gare su, na baya kuma na dizal. Mai hankali a can ba ya biyan kuɗi sai ya san wanne ne a gabansa. To, idan abin da ya fito daga mazubi ɗaya ya bambanta haka, ina ga wanda aka buga da hannu a gindin bishiya?

Fara da ruwan, kafin jirgin

Kafin ka je ganin kowane jirgi, zauna ka amsa wa kanka: a wane ruwa zai yi aiki, kuma me zai ɗauka? Ruwan madatsa irin Tiga, wadda aka kammala a 1974, ko ta Calawa da ke Ƙaraye, ko Watari a Bagwai, fili ne mai faɗi. Iska tana samun wurin gudu, kafin hadari ya ƙaraso igiyar ruwa ta riga ta tashi. Jirgin can yana son bango mai tsawo da goshi ɗagagge wanda zai hau igiya maimakon ya nutsa kai a cikinta. Kogin Haɗeja kuwa, daga Wudil zuwa Ringim har fadamun Guri da Kirikasamma, wani hali gare shi. A Agusta da Satumba yana da ƙarfin ja, da rani kuma yashi ya fito, ga kacala ta toshe hanyoyi. A nan jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki, mara nauyi, wanda mutum biyu za su iya ja ta kan tudun yashi, shi ne abokin tafiya.

Kaya ma haka. Mai kamun kifi shi kaɗai da komarsa, da mai fito da zai ɗauki mata da yara da babur ranar kasuwa, da manomin da zai kwaso shinkafa daga gonar da ruwa ya zagaye, ba jirgi ɗaya suke nema ba, ko da duk ƙafa 23 suka ce.

Tambayi tarihinsa

Ka je wurin mai jirgin da ladabi, domin yawanci dattijo ne kuma ba ya son a nuna masa ana zarginsa. Bayan gaisuwa sai ka ce, "Baba, wannan a wace shekara aka buga shi? Tun asali haka bayansa yake, ko daga baya aka gyara?" In ya ce, "Ɗana, ai lafiyarsa ƙalau, hau ka gani," kada ka musa masa, amma kada ka tsaya nan. Ka nemi sanin ko an taɓa sauya masa katakon ciki, ko ya taɓa nutsewa, da inda yake kwana da rani. Jirgin da aka bari a tudu rana da iskar hunturu suka yi ta dukansa wata da watanni ya riga ya buɗe a mahaɗa, ko da an toshe an shafe.

Shekarar da aka buga shi ma tana da magana. Jirgin da aka yi cikin natsuwa da bazara daban yake da wanda aka haɗa cikin gaggawa lokacin ambaliya irin ta 2022, sa'ad da kowa ke neman abin fito ko ta halin ƙaƙa. A irin wannan lokaci ɗanyen katako ake bugawa, ba a jira ya bushe.

Daga nan ka biya ta wurin Sarkin Ruwa, ko kafintan da ya ƙera shi in yana kusa. "Ranka ya daɗe, jirgin Malam wane nake son saye, na ce bari in ji ta bakinku." Su suka san jirgin da ke shan ruwa da wanda ke karkata, domin a gabansu ake lodi kullum.

Fito da shi tudu, ka auna

Kada ka yarda ka sayi jirgi yana cikin ruwa ba ka ga cikinsa ta waje ba. Ka samo samari a jawo shi, a kife shi. Ka zo da tef na awo, da alli ko gawayi, da takardar da za ka rubuta. Idan jirage biyu kake gwadawa, ka auna wurare iri ɗaya a kowanne.

Abu huɗu za ka auna: tsawo, faɗin shimfiɗar ciki a tsakiya, faɗin baki a tsakiya, da tsawon bango daga ƙasa zuwa baki. Bangon ka auna shi a tsakiya da kuma baya, domin inda ya fi gajarta ta nan ruwa zai fara shiga.

Faɗin ƙasa shi ne abin da mutane suka fi rainawa, alhali shi ne ke riƙe jirgi kada ya yi tangaɗi. Ƙarin faɗi kaɗan yana kawo bambanci mai yawa. Jirgin da faɗinsa a kan ruwa ya kai santimita 100, in aka gwada shi da mai 90, ƙarfin tsayuwar da faɗi ke ba shi ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku, duk da ido ba zai ga wani bambanci daga nesa ba. Kafinta yakan rage faɗin nan ne kawai don katakon da ya samu bai kai ba. Ka kuma duba yadda bango ya buɗe. Wanda bakinsa ya fi ƙasansa faɗi sosai yana ƙara tsayuwa yayin da ake ƙara masa kaya, yana kuma watsar da igiya waje. Mai miƙaƙƙen bango ba ya samun wannan.

Yanzu ga lissafin da nake so kowane mai fito ya riƙe. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jirgi yana nutsewa ne har sai ya ture ruwan da ya kai nauyinsa. Ɗauki jirgi mai tsawon mita 7, wato kusan ƙafa 23, faɗinsa a kan ruwa mita 1. Tunda goshi da baya sun tsuke, filin da yake dannewa a kan ruwa bai wuce murabba'in mita 5 ba. Ma'ana duk kilo 50 da ka ɗora, buhun taki guda ke nan, jirgin zai sauka santimita 1. A ce jirage biyu ne, ɗaya bangonsa santimita 45, ɗaya 55, kowanne yana shiga ruwa santimita 10 ba kaya. In ka ƙudurta cewa dole a bar santimita 20 na bango a saman ruwa, na farko kilo 750 zai ɗauka, na biyu kilo 1,250. Bambancin kilo 500 ke nan, manya bakwai ko takwas. Ƙira ɗaya, tsawo ɗaya, kuɗi wataƙila ɗaya. Idan mai ƙaramin bango ya ce zai yi lodi irin na maƙwabcinsa don "ai irinsu ɗaya", to ya ci rabin bangon da zai kare shi daga igiya.

Ba za mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a ruwan Watari, aka rasa rayuka da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Allah ya jiƙansu. Abin da aka fi ambata a lokacin shi ne lodi ya wuce kima. Shi ya sa nake ganin awon nan wajibi ne a kan duk wanda zai ɗauki 'ya'yan mutane.

Tun yana kife, ka tsuguna a goshinsa ka hango tsawonsa da ido ɗaya. Ka ɗaura zare daga tsakiyar goshi zuwa tsakiyar baya, ka auna daga zaren zuwa gefen dama da na hagu. In sun bambanta sosai, jirgin a murɗe yake, kullum zai riƙa janka gefe guda, kafaɗarka ce za ta biya kuɗin. Ka lura kuma ko cikin ya ɗan ɗaga a goshi da baya. Mai ɗagawa yana juyawa da sauƙi a lungun kacala, miƙaƙƙe kuma ya fi tafiya sak a ruwa mai faɗi.

Katakon

A nan ne jirage masu kama da juna suka fi rabuwa, kuma fenti yana rufe komai. Ka nemi izini ka kankare wuri kaɗan da wuƙa a ciki, ƙarƙashin mazauni, inda ba za a ɓata ado ba. Jan katako mai nauyi irin maɗaci ko kawo yana jure ruwa shekaru. Farin katako mara nauyi, irin wanda ake yin silin da akwatuna da shi, yana da araha da daɗin bugu, amma zaman ruwa ba nasa ba ne. Abin da ya fi yawa yanzu shi ne gauraye: a sa ja a ƙasa, a sa fari a bango na sama. Wannan ba laifi ba ne in an gaya maka kuma kuɗin ya nuna haka, har ma yana rage nauyi. Laifin shi ne a sa fari a ƙasa a shafe da kwalta a karɓi kuɗin ja.

Ka auna kauri a inda bakin katako ya bayyana. Abin da ake kira inci ɗaya a kasuwar 'yan katako, ko a Na'ibawa ko a kasuwannin ƙauye, sau da yawa ba ya cika inci ɗaya, kuma jirgin da aka buga shekara goma da suka wuce yana iya fin na bana kauri nesa ba kusa ba. Katakon ƙasa shi ke gogar yashi da kututture, shi ya fi bukatar nama.

Sai neman ruɓa. Ɗauki sukudireba ka riƙa danna tsininta, ba da ƙarfi ba, a wuraren da ruwa ke kwanciya: kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa, gindin haƙarƙari (wato katakan da ke tokare bango ta ciki), ƙarƙashin mazauni, da bayan jirgi. Lafiyayyen katako zai ƙi tsinin. Ruɓaɓɓe zai karɓe shi shiru, har ka ga wani baƙin ruwa ya tsattsafo a gefen ƙarfen, in ka zare kuma ya fito da ɗan gari mai laushi. Ka bi da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa. Sauti mai kauri da tsauri alheri ne, wanda ya yi "buf" kuma ka zagaye shi da alli. Ka fi mai da hankali ga gefen katako inda launi ya yi fari-fari, domin ɓangaren da ke kusa da ɓawon itace shi ke fara lalacewa, shi gara ke fara ci in jirgi ya daɗe a tudu.

Jirgin sassaƙa na gungume guda ba shi da mahaɗa, don haka abin dubawa a jikinsa shi ne tsaga, musamman a goshi da baya, da kuma ko kaurin gefen biyu ya yi daidai.

Mahaɗa, ƙusa da haƙarƙari

Katakon kasuwa yawanci ƙafa 12 ne, saboda haka jirgin da ya fi haka tsawo dole akwai inda aka yi masa gami. Duba inda gamin ya faɗo. Gwanin kafinta yana rarraba su, na wannan katako a gaba, na wancan a baya, kowanne da ƙarin katako a bayansa. In duk sun jeru a layi ɗaya a tsakiyar jirgi, to a nan zai karye ranar da aka cika shi. Wannan aibi ne da ba na ba kowa shawarar ya saya da shi, komai arahar.

Ƙirga haƙarƙarin, ka auna tazarar da ke tsakaninsu. Sau da yawa za ka tarar tsohon zubi yana da biyu ko uku fiye da sabo. Mazaunan da aka gicciya ma aikinsu bai tsaya ga zama ba, su ke riƙe bango kada ya buɗe. Wasu sukan cire ɗaya don babur ko buhuna su samu wuri. In ka ga ramukan ƙusa a bango babu mazauni, an cire ke nan, sai a mayar.

Kowace ƙusa da ka ga jan tsatsa ya zubo daga kanta kamar hawaye, ta fara cinyewa a ciki. Ka roƙi a zare maka guda ɗaya daga ƙasa ka gani. In ta fito siririya a tsakiya, sauran ma haka suke. Langa-langar da ake bugawa a kan mahaɗa bayan an cusa auduga ko tsumma da kwalta kuwa, ka ɗaga bakin guda ka leƙa. Wani lokaci toshiya ce mai kyau, wani lokaci rami ne aka lulluɓe.

In da injin a maganar

Jirgin da aka ƙera tun asali don injin yana da faffaɗan baya da katako mai kauri, an tokare shi ta ciki. Wanda aka yi don gora da filafili aka yanke masa baya daga bisani yana da tsukakken gindi, nauyin injin da na matuƙi sai su danne shi. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 15 bai kai kilo 40 ba, mai doki 40 kuwa ya haura kilo 70, kuma duk nauyin a ƙarshen jirgi yake rataye.

Shi kansa injin zubi biyu ne. Duba lambar da ke jikinsa, irin E15DMHS ko E40XMHL. Harafin ƙarshe shi ne maganar: S gajeriyar ƙafa ce, wato ɓangaren injin da ke sauka cikin ruwa, ta bayan jirgi mai tsawon inci 15, L kuma doguwa ce, ta inci 20. Faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya kamata ya zo daidai da ƙasan jirgi ko ya ɗan sauka kaɗan. In ka ɗaura gajere a dogon baya, farfela za ta riƙa shaƙar iska tana ihu ba tafiya, ruwan sanyaya injin ma ya gaza hawa. In ka ɗaura dogo a gajeren baya, zai riƙa dukan yashi yana cin mai. Kuma kada a ce maka a sare bayan jirgin kawai don gajeren injin ya kai. Duk incin da aka sare, ƙofa aka buɗe wa ruwan da ke biyo jirgi in an rage gudu farat ɗaya.

Jirgin faiba, wato na zubin masana'anta wanda ba na katako ba, in shi ka samu, ka taka cikinsa ko'ina ka ji ko yana lotsawa, ka ƙwanƙwasa da kwabo ka saurari inda sauti ya mutu, ka girgiza katakon baya da ƙarfi. Ka tambaya ko akwai soso a rufaffun akwatunansa, domin faiba in ya cika da ruwa ba ya iyo kamar katako.

Mayar da shi ruwa

A kwashe ruwan cikinsa tas, a ɗaure shi ya kwana, kai kuma ka zo da sassafe kafin mai shi ya riga ka. In ya daɗe a tudu ka ba shi kwana biyu ko uku katakon ya kumbura tukuna. Ɗan ruwa kaɗan ba abin damuwa ba ne. Wanda ya kai idon sawu a dare ɗaya kuwa, aiki ne a gabanka. Ruwan cikin jirgi mugun fasinja ne, duk inda jirgi ya karkata can yake rugawa ya ƙara danne shi.

Sai gwajin lodi, a inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ka ari jarkoki masu lita 25, ka cika su. Guda 20 kilo 500 ke nan. Ka jera su a ƙasa, a tsakiya, kana auna abin da ya rage na bango bayan kowane goma. Mutum ɗaya ya koma gefe guda ya zauna, ka ga iya karkatar. Ka tuƙa shi da kayan, ka juya dama da hagu. In jirage biyu ne, ka yi musu gwajin da jarkoki iri ɗaya a rana ɗaya, ka rubuta.

Inda ka ga bangon da ya rage ya kai taƙi ɗaya cikakke, wajen santimita 20, nan ne iyakarsa a ruwa mai kwanciya. A madatsa ni na fi son a bar fiye da haka. Ka sa alama a nan, bayan ciniki ka ja layin jan fenti a gefe biyu, yadda fasinja da kansa zai gani daga gaɓa. Ka kuma sa kuɗin rigunan kariya na ruwa a cikin lissafinka tun yanzu, tare da sanin cewa hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare.

Ciniki

Duk abin da ka zagaye da alli, ka kira kafinta ya faɗi kuɗin gyaransa a gaban mai jirgi, sai a cire daga farashi. A yi cinikin gaban shaidu biyu, a rubuta ko gora da filafili da sarƙa da injin suna ciki.

In kuma sabo za ka sa a buga maka, kada ka ce "irin na Alhaji wane" ka tafi. Ka je ka auna na Alhajin da kanka, ka rubuta faɗin ƙasa, tsawon bango a tsakiya da baya, irin katako da kaurinsa, yawan haƙarƙari, da tsawon baya gwargwadon injin da kake da shi. Ka ba kafinta takarda ɗaya ka riƙe ɗaya. Ka sayi katakon da wuri, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya sha iska, ka kuma leƙa aikin ranar da ake haɗa ƙasa da bango, kafin a shafa kwalta. Cikon kuɗin sai bayan gwajin jarkoki.